Kirim Ya Ƙi Tashi a Hannun Emilia

Shafi na 14

Masu cika mini waya da “Kaka Mildred, ina labarinmu?”, ku tausaya wa tsohuwa. Da yatsa ɗaya nake rubutu, tabarau ɗina kuma ƙafa ɗaya ta rage masa. Ku karɓa.

Maganar da ke yawo a zumuntar mata ta cocinmu ita ce Emilia ta sayar da hannunta.

Haka ake faɗa, ba ko kunya. Wai duk shekarun da ta yi tana yin kek ɗin da babu irinsa a Kafanchan ba iyawa ba ce. Wai wani wuri ta je aka yi mata aiki, yanzu wa'adi ya cika, masu abu sun karɓe abinsu. Shaidarsu? Miksarta, injin kaɗa kirim ɗinta, ta ƙone. Kek ɗin da ta kawo a makon zumunta, kirim ɗin ya gangaro ta gefe kamar kunun gyaɗa. Na bikin sunan jikan dattijon coci ma haka. Duk kirim ɗin da ta taɓa, in ji su, ba ya tashi.

Na koyar da girki a sakandaren 'yan mata har na yi ritaya, ban taɓa haɗuwa da aljanin da ya damu da kek ba. Miksar kuwa ta ƙone ne ranar da aka kawo wuta da ƙarfi, ranar da rediyona da fankar fasto suka mutu. Ban ji wanda ya ce fasto ya sayar da wani abu ba.

Da a bakin mata maganar ta tsaya, da na bar su su gaji. Amma ta kai kunnen Zipora, uwar Samson, yaron da zai auri Miriyam, 'yar Emilia ɗaya tilo, ranar Asabar mai zuwa. Bayan sujada Zipora ta faɗa a gabana cewa ɗanta ba zai ɗauki mata daga gidan da ake wannan magana a kai ba, sai an wanke maganar.

Na ce mata, “Ki ba ni safiya ɗaya. Ki zo gidan Emilia da idonki, za ki ga kirim ya tashi a hannunta.”

Da ƙarfin gwiwa na faɗa, don na san kirim. Abu biyu yake so, sanyi da iska.

Washegari na biya wurin Kubra mai ƙanƙara a bakin kasuwa ta fasa mini babban bulo, na sayi garin kirim, na ɗauki kwanonin silba biyu da abin kaɗawa na waya da nake da shi tun ina aiki. Keke ya sauke ni a ƙofar gidan.

Emilia tana zaune a bakin kicin a kujerar roba. Zafin nan na kafin damina da ke sa mutum ya tsani rigarsa, amma ita da mayafi mai kauri a kafaɗa. Turare kuma kamar ta yi wanka da shi.

“Malama, sannu da zuwa. Da kin aiko ai da na zo.”

“Da na aiko da kin ce ba kya nan. Ina Miriyam?”

“Ta tafi wurin tela gwajin riga.”

“Madalla. Maman Samson tana tafe ta ga kirim ya tashi a hannunki. Kawo baho.”

Emilia ɗalibata ce. Ni na fara koya mata fasa ƙwai da hannu ɗaya. Yau tana da furfura, amma in na ce kawo baho, tana kawowa.

Na zuba ƙanƙara a baho, na dasa kwanonin a ciki, na cusa wayar kaɗawar ita ma ta yi sanyi.

“Kin san dokar,” na ce. “Kwano da sanyi, ruwa da sanyi har haƙori ya ji. Kafin a ƙirƙiro miksa da me muke yi?”

“Da hannu, Malama.”

“To miksa ce kawai ta mutu, ba ke ba.”

Ta yi ɗan murmushi, bai kai idonta ba.

Na auna gari da ruwan ƙanƙara a kwanon farko, na karkata shi, na fara. Ba juyawa ake yi kamar ana dama koko ba. Ɗagowa ake yi ana bugawa, ana jawo iska ana cusa ta ciki, da sauri, ba tsayawa. Da farko ruwa ne kawai da kumfa. Sai ya fara nauyi. Sai waya ta fara barin layi a bayanta. Kafaɗata ta yi ƙara, na tsine wa tsufa a zuciyata, na ci gaba. Da na ɗaga wayar, kirim ya biyo ta ya tsaya da ɗan ƙaho, bai sunkuya ba.

Na kifa kwanon a sama da kaina. Ko ɗigo.

“Tsohuwa mai ciwon gwiwa ke nan,” na ce ina haki. “Gari ɗaya, ruwa ɗaya, ƙanƙara ɗaya. Ga naki.”

Ta karɓi wayar da hannun hagu.

“Tun yaushe kika zama bahaguwa?”

“Na daman ya ɗan gaji ne.”

“Da wane aiki? Ba ki yi kek ba tun makon zumunta.”

Ta fara da hagun. Hagu bai san aikin ba. Wayar tana dukan gefen kwano, ruwa yana fantsama a zaninta, iska ba ta shiga.

“Emilia, bar wasa. Sa hannun da na koya wa aiki.”

Ta mayar da wayar dama.

Na zuba ido.

Gwiwar hannunta manne take da haƙarƙarinta kamar an ɗinke su tare. Yatsu kawai ke motsi. Ta buga kaɗan, ta tsaya. Ta ciji leɓe, ta sake bugawa, ta tsaya. Gumi ya tsatso a goshinta. Kumfar da ta fara tashi ta kwanta tana kallonmu.

“Kin gani ko?” ta ce a hankali. “Ba ya tashi.”

“Ba ya tashi don kina tsayawa. Kawo maburgi.”

Ta ɗauko maburgin miya, na wanke shi da ruwan ƙanƙara.

“Murza shi tsakanin tafukanki kamar kina kaɗa kuka. A ƙauye na taɓa yin kek ɗin aure da shi. Hannu biyu za su raba aikin.”

Ta murza. Maburgin ya karkace ya faɗi cikin kwano.

“To kwalba. Zuba a kwalba mai murfi ki girgiza.”

“Malama…”

“Ko yaro ya iya girgiza kwalba.”

Na zuba mata, na ɗaure murfin, na miƙa. Ta riƙe da hannu biyu ta ɗaga. Kafin kwalbar ta kai ƙirjinta sai wani sauti ya fita daga bakinta, ɗan ƙarami, irin na wanda ya taka ƙaya ba ya so a sani.

A nan na daina kallon kirim, na kalli hannun.

Ya kumbura. Daga yatsu har inda mayafi ya rufe, ya fi na hagu kauri, fatar tana ƙyalli. Zoben auren da ba ta taɓa cirewa ba ko bayan rasuwar mijinta Azariya babu shi, sai zanensa a yatsa.

Na kama wuyan hannun na danna da babban yatsana. Ramin ya zauna, bai ciko ba.

“Ɗaga hannunki sama.”

“Malama, don Allah.”

“Ɗaga.”

Ta ɗaga. Bai kai kafaɗa ba.

Ban nemi izini ba. Na zura hannuna ƙarƙashin mayafin. Na tarar da tsumma an naɗe an cusa cikin riga, da damshi. A bayan tsumman, daga hammata har gefen nono, wani ƙullu mai tauri kamar ɗanyar gwaiba, ba ya motsi. Da mayafin ya buɗe, warin da turaren ke ɓoyewa ya fito.

Na zare hannuna. Na zauna a kan turmi.

Ni na yi wa Lucy, yayar Emilia, wankan ƙarshe. Na san abin da na taɓa.

“Tun yaushe?”

Ta ja mayafin ta rufe kafaɗarta.

“Likita ya gani?”

Ta juya fuska wajen kantar kicin. Na bi idonta. Kwalaben man zaitun na addu'a a jere a bayan gwangwanayen fulawa, wasu sun ƙare.

“Emilia! Ke ma? Ke da kika yi karatu?”

“Ina shafawa safe da yamma. Wani lokaci yana sauƙi.”

“Tashi ki sa takalmi. Asibiti za mu yanzu.”

“Bayan biki.”

“Wane biki? Wannan abin ba ya jiran biki!”

“An yanka Yaya Lucy, Malama. Ba ta ga damina ba. Kowa ya san in wuƙa ta taɓa shi, shi ke nan.”

“Kowa ɗin nan maƙaryaci ne. Ba wuƙa ce ta kashe Lucy ba, zama ne. Ta zauna da shi tana shafe-shafe har ya gama da ita, sannan aka kai wa likita ragowar. Abin da kike yi ke nan yanzu.”

“To na ji. Bayan biki.”

“Kin bar mata suna kiranki mai asiri, kina da amsar a cikin rigarki?”

Sai ta dube ni, ido cikin ido, karo na farko tun da na shigo.

“Mai asiri ana kai ta gaban fasto ne. A yi mata addu'a, ta yi kuka, a ce an kuɓutar da ita, a tafa. Ranar Asabar a ɗaura aure. Wannan fa? Wa zai kuɓutar da Miriyam daga wannan?”

“Me ya haɗa Miriyam da shi?”

“Kin manta binciken da mutanen Samson suka yi kafin su kawo gaisuwa? Har ƙauyenmu suka tura mutum. Akwai farfaɗiya a gidan? Akwai taɓin hankali? Akwai sikila? Da suka tambayi abin da ya kashe Yaya Lucy, hawan jini muka ce. In suka ji ya kama yaya, ya kama ƙanwa, me za su ce game da 'yar ƙanwar?”

Na buɗe baki.

“Ke kika yi boko mai zurfi, Malama. Ke ba kya yarda da maganar mutane. To faɗa mini. Ki ce ba a gadonsa, yanzu in sa takalmi in bi ki.”

Na so in faɗa. Allah ya sani na so.

“Wani lokaci ana gado,” na ce. “Sau da yawa ba a yi.”

“Maman Samson ba ta san wani lokaci ba.”

Ƙanƙara tana narkewa a baho, tana ɗan ƙara.

Ta sauko daga kujerar ta durƙusa, ta kama bakin zanina da hannun hagu.

“Yarinyar nan ba ta da uba. Ba ta da wa, ba ta da ƙane. In na tafi, wa take da shi? Samson yaron kirki ne. Ki bar ni in sa ta a hannunsa, sannan ki kai ni duk inda kike so, su yanka abin da za su yanka. Kada ki faɗa wa kowa. Ki yi mini alkawari.”

“Tashi, Emilia.”

“Sai kin yi.”

“Ba zan faɗa ba. Tashi.”

Ta tashi da ƙyar. Ta dubi kwanona, wanda kirim ɗinsa ke tsaye fari tas.

“In Maman Samson ta zo, ki ce ni na yi wannan.”

“Ban iya ƙarya ba.”

“To kada ki ce komai.”

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Amma hannuna ne ya ɗauki kwanon ya ajiye a gabanta, ya tura nata bayan turmi.

Ko gama gyara mayafi ba ta yi ba muka ji babur ya tsaya a waje.

“Salama! Masu gida suna ciki?”

Zipora ce, da jakarta a hammata da ƙanshin citta, don daga rumfarta ta taho. Miriyam tana bayanta da leda a hannu, sun haɗu a bakin layi.

“Sannu, Malama. Sannu, Maman Miriyam. Na ce bari in rufe shago in zo, kada a ce ban zo ba.”

“Sannu da zuwa, Maman Samson,” in ji Emilia. “Miriyam, ba ta kujera.”

Zipora ta zauna, idonta a kan kwanon. Ta sa yatsa ta ɗebo ta lasa.

“Kai! Wannan ya yi. Kamar na da.”

Fuskar Miriyam ta washe. “Na faɗa miki, Mama. Na ce miki ƙarya suke yi wa mamana.”

“Kin faɗa, 'yata.” Zipora ta goge yatsa a gefen zani. “Sai dai ban ga lokacin da aka yi ba. Malama ta ce in zo da idona. To ga idon na kawo.”

“Garin ya kusa ƙarewa,” na ce.

“Ga saura can a leda, ina gani. Ko kaɗan ne ya isa. Ni ba rigima na zo yi ba o. Ɗa ɗaya ne Allah ya bar mini namiji. In na koma, Baban Samson zai tambaye ni me na gani, ba me aka ba ni na lasa ba.”

Na dubi Emilia. Ta gyaɗa mini kai.

Na wanke kwano, na auna, na zuba. Ƙanƙarar ta zama 'yan ƙananan duwatsu suna yawo a ruwa.

Emilia ta ɗauki wayar da dama.

Ta fara.

Ban taɓa ganin mutum ya yi yaƙi da kwano haka ba. Ta buga, ta buga, ta wuce inda ta tsaya ɗazu. Jijiyar wuyanta ta miƙe. Kumfa ta taso. Ta fara kauri. Na ji kaina ina cewa a zuciya, Yesu, ka riƙe mata hannun nan, kaɗan ya rage.

“Mama, kawo in taya ki,” in ji Miriyam.

“Zauna,” Zipora ta ce. “Ba hannunki ake magana a kai ba.”

Bugun ya fara raguwa. Ya koma juyi. Ya koma jan waya a gindin kwano.

Wayar ta suɓuce ta faɗi ƙasa.

Ba wanda ya sunkuya ya ɗauka. Muna kallo kumfar ta kwanta, ta koma farin ruwa.

“Ƙanƙarar ta narke,” na ce. “Kirim ba ya tashi a ruwan ɗumi. Ko littafi ka buɗe haka za ka gani.”

“To. Wancan na farkon fa, Malama? Wa ya kaɗa shi?”

Na sunkuya na ɗauki wayar daga ƙasa.

“Malama, ke ba a san ki da kwana-kwana ba. Duk coci an san bakinki. Ita ta kaɗa?”

“Ni na kaɗa.”

Miriyam ta juyo ta dube ni kamar na mare ta.

“Kin gwada ta kafin in zo?”

“Na gwada.”

“Ya tashi?”

“Bai tashi ba.”

“To me ya hana? Ke kika ce babu aljani a kicin. Ke kika ce sanyi ne da iska. Sanyi ya samu, iska ta samu. Me ya hana?”

Amsar tana bakina. Idon Emilia yana kaina. Na haɗiye ta.

“Akwai dalili,” na ce.

“Faɗe shi mana.”

“Ba nawa ba ne da zan faɗa.”

Zipora ta miƙe ta gyara jaka.

“Shi ke nan. Ko Malama ta ga abin da ya fi ƙarfin bokonta. Maman Miriyam, ban tsane ki ba, Allah ya sani. Amma zan gaya wa Baban Samson a dakata da Asabar. A kai maganar gaban dattawa. In an gama abin da za a yi, sai mu ga inda muka tsaya.”

“Mama, don Allah!” Miriyam ta zube ta riƙe ƙafar Zipora. Ledar ta faɗi, farin yadin riga ya leƙo. “An raba kati! Mutane sun taso daga Kauru! Me na yi?”

“Ba ki yi komai ba, 'yata. Tambayi uwarki.”

Miriyam ta saki ƙafar. Ta ja gwiwa zuwa gaban Emilia. Ta daɗe tana kallonta.

“Mama.”

“Na'am.”

“Kin daina barina in shiga ɗakinki. Kina wanke kayanki da kanki a ɓoye. Kafin Kirsimeti kin yi tafiya, kin ce sayen kayan kek, kin dawo hannu wofi.” Muryarta ta karye. “Na yi faɗa da kowa a kanki. Na daina gaida matar dattijo. Mama, ki faɗa mini. Gaskiya suke faɗa? Kin je an yi miki aiki?”

“Miriyam,” na ce, “kada ki…”

“Kaka, ki bar ni! Ita nake tambaya!”

Emilia ta dubi 'yarta. Ta dubi Zipora da ke tsaye a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje.

Ta sa hannun hagu ta janye mayafin daga kafaɗarta, ta bar shi ya faɗi. Gefen rigarta na dama ya jiƙe, tabon ya yi duhu.

“Ba wanda ya yi mini aiki, ban sayar da komai ba,” ta ce. “Asibiti na je a Jos. Ciwon daji ne a nonona na dama, irin wanda ya kashe Yaya Lucy. Likita ya ce ya riga ya shiga hammata.”